Saura Kuku Ɗaya

Rabin jikin Orest Pawluk na cikin firiza lokacin da matarsa Halyna ta sauko ɗakin ƙasa da wayarsa a hannu. Ƙafafunsa kawai ake gani da wandon barci, yana ta ture ƙullin pirogi, cincin ɗin nan mai dankali a ciki, da naɗaɗɗen kabejin da Halyna ta tanada don Kirsimeti.

"Malam, ka fasa min leda ɗaya ka gani. A ciki zan rufe ka."

"Ina kika kai su?" Muryarsa ta fito daga can ƙasa. "Nan na ajiye su, ƙarƙashin kifin."

"Suna cikin robar wake. Tun watan Yuli muka cinye wannan kifin."

Ya ɗago da robar, gemunsa duk raɓar ƙanƙara. Dayis ne guda goma sha biyu, irin na lido. Bara a wasan yaƙin Kirsimeti na ƙungiyarsu suka ci amanarsa, duk jifan da ya yi sai ɗigo ɗaya, har aka karkashe masa runduna tas kafin a sha kofi. Da ya dawo gida ya watsa su firiza, ya ce su yi shekara a nan ko sa yi hankali. Wannan fa mutum ne da ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da kimiyya a sakandare a nan Winnipeg, wanda in ka kuskura ka ce masa wata lamba ba ta da sa'a sai ya zaunar da kai ya yi maka lacca. In an tambaye shi zancen firizar sai ya ce gwaji yake yi, wai sanyi na iya taɓa nauyin roba. Ƙarya yake yi, horo yake musu.

"Abokinka Lorne ya sa hoto a zauren ƙungiyarku na waya," in ji Halyna. Ta miƙa masa wayar, kuma ba ta tafi ba.

Ɗan mutum-mutumin dalma ne a kan teburin kicin, bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Kukun jirgin 'yan sama jannati, da tumbinsa, ya ɗaga ludayi kamar zai kwaɗa wa wani. Ko ɗigon fenti babu a jikinsa. A ƙasa Lorne ya rubuta: "Saura wannan kaɗai. Yau bayan yaƙi zan fente shi a gabanku, kowa ya huta."

Orest ya karanta sau biyu. Sai ya ajiye robar a kan murfin firiza.

Su Rundunar Asabar, kamar yadda suke kiran kansu, tsofaffi ne wajen ashirin da ke haɗuwa duk mako a ɗakin taron da ke ƙasan coci, su jera sojojin dalma a tebur, su auna da tef, su jefa dayis, su yi ta musu kamar ƙasa za a raba. Kowannensu yana sayen soja fiye da yadda yake iya fentewa, don haka kowa na da tsibi a gida yana jira. Daga nan aka samo tsohuwar barkwancin nan ta masu wannan wasa, cewa duk wanda ya fente sojansa na ƙarshe, to mutuwa ce ta rage masa. Har an rubuta ta a wani allo an rataye bayan tukunyar kofi tun shekarar da aka kafa ƙungiyar, ya yi ƙura, ba mai ko kallonsa. Da ita kowa ke kare kansa a gaban iyalinsa in ya shigo da sabon kwali. Ba wanda ya taɓa gwada ta, don ba wanda ya taɓa gamawa.

Sai Lorne Friesen. Tun da likitoci suka ce masa za a buɗe masa ƙirji, ya zauna ya tsara komai kamar yadda ya shekara arba'in yana tsara kwalabe a kemis ɗinsa. Ya gyara gareji, ya rubuta wa matarsa inda makullin ruwa yake, sannan ya hau kan tsibinsa da burushi, wata huɗu bai ɗaga kai ba. Ranar Talata za a yi aikin. Yau Asabar.

"Shirme ne," in ji Orest. "Dalma ce da fenti. Me ya haɗa su da jijiyar zuciya?"

"Ban ce komai ba."

"Ai na ga kina kallona."

"Gemunka nake kallo, yana ɗiga a kan silifas ɗinka." Ta karɓi wayar. "Kar ka manta hularka."

Hular ma wata al'ada ce. A yaƙin Kirsimeti 'yan duniyar Mas ne ke kawo wa Baba Kirsimeti hari a masana'antarsa, kuma duk kwamandan da aka ci bara, bana da hular rundunarsa zai fito tun daga ƙofar gidansa har ɗakin taro, a motar haya, ba a cirewa. Ta 'yan Mas koriya ce, da ƙaho biyu na waya masu rawa, kowanne da ƙwallo a kai. Shekara goma sha ɗaya ke nan Orest na sa ta.

Ya hau bas da akwatin rundunarsa a hammata, ƙahonin suka daki saman ƙofa. Direbar tsohuwar ɗalibarsa ce, yanzu har ta fara furfura.

"Bana ma, Malam Pawluk?"

"Kalli hanya, Corinne."

Ya zauna kusa da taga ya rungume akwatin. Ba wata rundunar a-zo-a-gani ba ce. Doka ce ba a ɗora soja tsirara, wato marar fenti, a tebur, shi kuma Orest babu malalaci irinsa a wajen fenti duk faɗin ƙungiyar. Abin da ya yi, ya jera 'yan Mas ɗinsa sittin a kan jarida a gareji, ya fesa musu koren fentin shinge daga gwangwani, ya gama cikin minti goma. Asabar uku ya yi yana jayayya da alƙaliyar wasa cewa ɗan Mas dai kore ne, kuma kore fenti ne, har ta gaji ta yanke hukunci cewa an fente su, sun kammala. Sauran kuwa, sayayyar shekara talatin, suna ɗakin ƙasa a kwalaye, ko leda ba a yage wa wasu ba.

A hanya ya tsara abin da zai ce wa Lorne. Ya tsara kala uku, duk ba su yi ba. Tun suna da gashi baƙi suke abota, tun ranar da suka yi faɗa a layin sayen littafi kan ko ana jin ƙarar fashewa a sararin samaniya. Sun yi wa juna rakiyar jana'izar iyaye, sun aurar da 'ya'ya tare. Amma bai tuna ranar da ɗayansu ya taɓa faɗa wa ɗaya magana mai daɗi ba tare da ya naɗe ta da zagi ba. Tsoro yake ji, tsoro sosai, kuma bai san da wane baki ake faɗin haka ba da ƙaho biyu a ka.

Ɗakin taron ya ɗau ɗumi da ƙamshin kofi da jiƙaƙƙun takalma. An haɗa tebur huɗu an shimfiɗa auduga a matsayin ƙanƙara. Masana'antar Baba Kirsimeti na can ƙarshe, an gina ta da kwalayen hatsin karin kumallo, ga bareyi an ɗaura musu igwa a baya, ga wadanni masu jajayen huluna riƙe da bindigogin alewa. Jiragen 'yan Mas kuwa murafan tukwane ne da aka yi wa fentin azurfa, biyu daga ciki Halyna har yau nemansu take.

Lorne na tsaye a bayan rundunarsa ta Baba Kirsimeti, dogo, ya rame, rigar sanyin da ke jikinsa mai hoton barewa ta yi masa yawa.

"Ga Janar Kore nan," ya ce. "An sako fursunonin daga firiza?"

"An sako su. Kai kuma ka ji kunya. Kakanninka sun tsallako teku don kada a sa su riƙe bindiga, ga jikansu da igwa arba'in."

"Su ba su san daɗin cin ka da yaƙi ba ne."

Ya zaro wani ɗan gwangwanin alewar tari daga aljihu, ya buɗe, ya ɗora a gefen tebur kusa da jakarsa. Kukun na kwance a ciki kan auduga. Mutane suka zo suna leƙawa ana tsokana. Wani ya tambaya ko zai bar masa igwoginsa a wasiyya, Lorne ya ce sai dai ya bar wa mai iya lissafin tazara. Aka yi dariya, har da Orest, tasa ta fi ta kowa ƙarfi.

Da aka ɗan watse ya matso. "Wai gaggawar me kake yi ne, mutumina? Ka bari sai bayan Talata mana."

Lorne ya leƙo shi ta saman tabarau. "Don me?"

"Hasken ɗakin nan ba shi da kyau. Za ka ɓata masa ido."

"Na zo da fitila."

"Hannunka ma rawa yake yi kwanan nan."

"Malam Kimiyya," in ji Lorne a hankali, murmushi na taruwa a bakinsa, "kar dai ka ce min ka yarda da zancen nan. Faɗi da ƙarfi in kira jama'a su shaida. Shekara talatin kana kiranmu 'yan zamanin jahiliyya."

"Ni? Allah ya kiyaye. Fente shi, ka fente tebur ɗin ma in ka ga dama."

Ya koma gefensa yana zagin kansa a zuci. Ga dama ta zo har hannu, girman kai ya sa ya yar.

Bernadette Lagimodiere ta buga cokali a jikin kofi. Ita ce alƙaliyar wasa, ta yi ritaya daga aikin rajistara a kotu, kuma a wajenta waƙafi ma doka ne. Ta karanto sharuɗɗa, ta gargaɗi masu tura soja da gwiwar hannu, aka fara.

Ƙarfe goma sha biyu aka tsaya cin abinci. Kowa ya yi layi wajen tukunyar miya da farantan biskit a ɗaya ɓangaren, Lorne ma ya tafi neman abin da likita bai hana shi ba. Orest ya tsaya wai yana gyara jirginsa. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Tsohon malamin da ya taɓa kai yaro ofishin shugaban makaranta kan satar abin goge allo ya miƙa hannu ya ɗauke kukun, ya zura a aljihun wando, ya rufe gwangwanin. Ƙahoninsa sai rawa suke, ya kama su da hannu kamar su za su tona shi.

Dabarar a ganinsa ba ta da aibu. Ba soja, ba fenti. Ba fenti, ba sojan ƙarshe. Ranar Laraba, in Lorne ya farka, sai ya kai masa asibiti ya ce a ƙarƙashin kujera aka tsinta. Ba wai ya yarda da komai ba ne, a'a. Kawai dai mai hankali ba ya gwaji da abin da ba shi da na biyu.

Abin haushi, bayan abinci sai dayis ɗin nan suka tuba. Ya jefa, shida. Ya sake, shida da biyar. Murfin tukunyar Halyna ya sauka a bayan masana'anta, 'yan Mas suka zubo suka tarwatsa wadanni, bareyi suka tsere da igwoginsu. Shekara goma sha ɗaya yana mafarkin wannan rana, har jawabin nasara ya taɓa rubutawa. Ga ta ta zo, shi kuwa duk sunkuyawar da zai yi ya auna tazara sai ludayin kukun ya soke shi a cinya. Ƙarfe biyu da rabi aka kama Baba Kirsimeti a bakin bututun hayaƙi. Bernadette ta ce 'yan Mas sun ci. Aka tafa, wani ya ce lallai kowa ya nemi firiza.

"To," in ji Lorne, ya goge hannu a rigarsa. "An ci ni, baɗi ni ke da hula. Saura ɗaya aikin."

Ya jawo gwangwanin ya buɗe. Auduga kawai.

Ya ɗaga audugar, ya girgiza, ya duba aljihunsa. Kafin ka ce me, tsofaffi ashirin sun durƙusa a ƙasa, gwiwoyi na ƙara, ana haska ƙarƙashin tebur da waya. Ba wanda ya kai Orest ƙwazo. Shi ne ya ɗaga labule, shi ne ya leƙa kwandon shara, har cikin tukunyar miya ya sa ludayi ya juya.

"Ai shi ke nan, Lorne, ka tsira," wani ya ce daga ƙarƙashin tebur. "Ba ka fente na ƙarshe ba."

"Haka ne," in ji Orest da sauri. "Magana ta ƙare. A kawo kek."

"Ba haka dokar ta ce ba."

Bernadette ce. Ta riga ta ciro allon daga bayan tukunyar kofi, tana goge ƙurar da gefen hannu. Ita fa ba mugunta take nufi ba. Ba ta iya jin an karanta doka ba daidai ba ta yi shiru, ko a jana'iza ne. Ta gyara tabarau ta karanta da muryar kotu:

"Ranar da ɗan wannan ƙungiya ya duba kayansa bai ga soja ko ɗaya mai jiran fenti ba, to ya kira lauya ya rubuta wasiyya." Ta ɗago. "Ba a ce sai ya fente ba. An ce bai ga mai jira ba. Ko ya fente, ko ya ɓatar, ko an sace, hukuncin ɗaya ne. Lorne, tun ƙarfe nawa rabonka da ganinsa?"

Aka kwashe da dariya. Sai dariyar ta fara raguwa, don kowa ya tuna da Talata a lokaci guda. Bernadette ma ta tuna, ta kife allon a kan tebur, fuskarta ta yi ja.

Lorne ya yi tasa dariyar, gajeriya. "To ai na riga na rubuta wasiyyar," ya ce. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, yana kallon gwangwanin.

Orest na durƙushe kusa da jakar Lorne. Don kada ya haɗa ido da kowa sai ya buɗe ta, wai ko kukun ya faɗa ciki. Ya ga kwalbar magani, ya ga takardun asibiti a cikin leda, ya ga tuffa guda. Ya laluba aljihun gefe. Babu fenti. Babu burushi, babu fitilar da aka ce an zo da ita. Mutumin da ko zuwa sayen burodi sai ya rubuta jerin abin da zai ɗauka, ya zo fentin sojansa na ƙarshe bai ɗauko ko kwalba ɗaya ba.

Ashe shi ma tsoron yake ji. Ya zo ne ya yi burga, a yi dariya, ya ce au, ya manta kayan aiki, ya koma gida da kukunsa a aljihu ya shiga asibiti da sauran aiki a gabansa. Shi kuma Orest, da iliminsa da digirinsa, ya zo ya ƙarasa masa abin da shi kansa ya kasa.

Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙas. Ya sa hannu a aljihu, ludayin ya maƙale a zare, sai da ya fizgo har aljihun ya juyo waje. Ya ajiye kukun a gaban Lorne.

Kowa ya taso daga ƙasa, aka zagaye tebur.

"A ina ka tsince shi?" Bernadette ta tambaya.

"A aljihuna. Tun ƙarfe goma sha biyu yake can."

"Ya aka yi ya shiga?"

"Ni na sa shi. Ba ƙafa gare shi ba, dalma ce."

Lorne ya ɗauki kukun ya jujjuya shi. Ya dubi Orest tun daga takalmi har ƙaho. "Kai ne fa ka sa hannu a tukunyar miya kana nemansa."

"Na sani, ina wurin."

"Don me, Malam Kimiyya?"

Orest ya buɗe baki zai kawo zancen haske, ya ga ba hali. "Don ba na son ka mutu, tsohon banza. Ka ji daɗi? Ga shaidu nan, a rubuta."

Ba wanda ya yi dariya. Lorne ya cire tabarau ya goge da gefen rigar barewarsa, ya daɗe yana gogewa. "Sai ka tashi ka kashe ni da hannunka," ya ce. "Ɓarawon da bai karanta doka ba."

"Kai kuma mai fentin da bai zo da burushi ba."

"Wa ya ba ka izinin buɗe min jaka?"

Nan aka samu aka yi dariya, wasu har da share ido. Amma Orest bai huce ba. Yana kallon kukun nan a tafin Lorne, ɗan mitsitsi, abin da zai iya faɗawa ramin wanka ko injin shara ya haɗiye shi kafin Talata. Ran mutum guda a rataye a kan ludayi ɗaya. Ya zaro waya ya koma gefen matakala.

"Halyna, kwalayen nan nawa na ɗakin ƙasa. Ki zubo su a mota ki kawo coci."

"Guda nawa?"

"Duka. Lorne zan ba."

"Sake faɗa, Malam, ina so in tabbatar ba kunnena ba ne."

"Duka na ce."

Bai taɓa sanin matarsa na da irin wannan saurin ba. Shekara talatin tana roƙon ɗakin nan don ta sa keken ɗinki. Kafin a gama cin kek ga ta ta faka a ƙofar coci, motar ta cika har rufi, maƙwabcinsu ya taya ta lodi. Tsofaffi suka yi layi a cikin sanyi, ana miƙa kwali hannu da hannu daga motarta zuwa ta Lorne. Ga sojojin Rum, ga mahayan dawaki, ga wasu dodanni masu hannu shida da shi kansa Orest ya manta ya saya. Sai ya hango wasu kwalaye uku da aka rubuta wa "Takardun Makaranta".

"Waɗannan ai ba a ɗakin ƙasa suke ba."

"A saman silin gareji suke, bayan tayoyin rani. Na haɗo da na cikin akwatin auren mamarka, da na ƙarƙashin kujerar baya."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka ɓoye."

Lorne na tsaye, tun yanzu ya kafa jar hular wanda aka ci a kansa, yana kallon motarsa tana nutsewa a kan tayoyinta. "Orest, wannan ko shekara ɗari na yi ba zan gama ba."

"Abin da ake so ke nan. Kuma ka yi musu ido da kyau, zan zo dubawa."

Aka rufe but ɗin motar da ƙyar. Orest ya kaɗe hannu, ya ji wani sauƙi a ƙirjinsa wanda rabonsa da shi tun ranar da Lorne ya dawo daga ganin likita. Sai ya ji an yi gyaran murya a bayansa. Bernadette ce, ta naɗe wuya da mayafi, tana ta murza safar hannu. Kana gani ka san ta yi ƙoƙarin yin shiru ta kasa.

"Orest, ka yi haƙuri. Yanzu kai soja nawa ya rage maka mai jiran fenti?"

"Ni? Ai ni..." Ya dubi Halyna.

"Ka ce duka," in ji Halyna. "Har ƙasa na share."

"Akwai 'yan Mas ɗina," ya ce da sauri. "Guda sittin. Fesa musu kawai na yi, ko ido ba su da shi. Wannan ai ba fenti ba ne."

"Asabar uku ka yi kana ce min fenti ne. Na yanke hukunci, ka sa na rubuta, ka sa hannu."

"A ɗaukaka ƙara."

"Wa'adi ya wuce da shekara goma."

Ya tsaya a filin fakin, ƙahoni na kaɗawa a iska, bai da ko soja ɗaya a duniya mai jiransa. Ya so ya yi dariya, don abin dariya ne. Amma sai ya tuna shekararsa sittin da shida, ya tuna hawan jininsa, ya tuna akwai santsi a matakalar gidansu.

Lorne ya tako a hankali ya kamo hannunsa, ya buɗe tafin, ya danna masa ɗan gwangwanin alewar tari, da kukun a ciki.

"Riƙe, sakarai. Da ma ka iya ɓoye shi. In na fito zan zo in ga ko yana nan tsirara."

"In ka fito ka zo da burushinka ka gani in ban karya maka hannu ba."

Suka tsaya kamar za su ƙara wani abu. Lorne ya ɗan daki ƙahon ɗaya da yatsa, ya juya ya shiga motarsa.

Halyna ce ta ja mota. Sun wuce gada kafin Orest ya cire hular ya ɗora a cinya, ya buɗe gwangwanin ya leƙa, ya rufe.

"Kin san dai ni ban yarda da wannan shirmen ba."

"Na sani, Malam."

Da suka tsaya a danja ta miƙo hannu ba tare da ta dube shi ba. Ya ba ta. Ta buɗe jakarta, ta sa gwangwanin a ƙaramin aljihun ciki inda take ajiye maganin hawan jininsa, ta ja zif ɗin har ƙarshe.

"Su burushin fentinka ma na haɗa wa Lorne da su," ta ce. "Da gwangwanin koren fentin."